Miyar Da Ta Warkar Da Maƙwabcina

Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma shekarun da na yi ina masinja a ofishin lafiya sun sa na ɗauki kaina rabin likita. Shi ya sa ranar da jiri ya kayar da ni a bakin masallacinmu na Kwarbai, zamanin da soja ke sa mutane layin madara da sabulu, na yanke hukunci cewa rana ce ta buge ni.

Likita bai yarda da bincikena ba. Ya ɗaura mini ƙyalle a dantse, ya yi ta hurawa, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Baba, hawan jini ne. Ka bar gishiri, ka sha ƙwayar nan kullum. In ka ƙi, ɓarin jikinka zai shanye, sai an ɗaga ka an kwantar."

Wannan "an ɗaga ka" ita ta biyo ni har gida. Uwargida kuwa ta ɗauki abin kamar jihadi. Tukunyata daban, ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa.

To, mu biyar muke ciyayya a zauren Alhaji mai goro bayan magariba. Kowa ya fito da kwanon gidansa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ci tare. Da aka zo kan nawa, Alhaji ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Malam, gishirin ma sai an yi layi ne?"

Aka bushe da dariya, aka ture kwanon gefe. Ni kuma na duba na ga ƙin cin abincin matan maƙwabta cin fuska ne, kuma ni mutum ne mai riƙon zumunci. Sai na riƙe zumunci da hannu biyu, musamman ranar da gidan Alhaji suka yi miyar taushe.

Saura matsala ɗaya: kwano ba ya komawa gida cike. Allah ya taimake ni da maƙwabcina tela, ƙaton mutum mai kumburarrun ƙafafu, wanda bai taɓa raina abinci ba.

"Miƙo nan," in ji shi. "Tuwo bai yi laifin komai ba."

Wata uku yana sharewa, ni ina mayar da kwano tas, uwargida tana sa mini albarka.

Da na koma asibiti, jini ya ƙara hawa. Na ce ƙwayar ce ba ta da ƙarfi. Na ce wa uwargida ko dai hannunta na kuskurewa ta sa gishiri. Ta yi kuka. Ni ma damuwa ta kama ni, na daina wasa da kowa, kullum da safe sai na tsunkuli hannun hagu in ji ko yana nan.

Ana haka matar tela ta shigo barka da hantsi. Ina ɗaki ina jin su.

"Yaya, don Allah me kike sawa a miyar nan da kike aikawa zaure? Malam ɗina kumburi ya sace, har takalmin Sallarsa ya shiga!"

Na nemi ƙofar baya, na tuna ɗakin ba shi da ita.

Bayan baƙuwa ta fita, uwargida ta ɗaga labule.

"Malam, ashe wata uku mijin wata nake jinya?"

Na fara bayani a kan haƙƙin maƙwabtaka.

"Likita ya rubuta, ni na dafa," ta ce, tana danne dariya. "Bakin kuwa naka ne. Ba zan bi ka zaure da ludayi ba."

Da magariba na yi gyaran murya, na sanar da jama'a cewa daga yau nawa zan ci, wanda matarsa ta ji haushi ta zo ta same ni. Tela ya riƙe kwanon gam.

"Maganina ne fa!"

"Nawa ne, ara maka na yi!"

Alhaji ya raba mu da adalci, rabi da rabi, har matar tela ta koyi girkin. Kwalbar ƙwaya na ajiye kusa da butar alwala don kada in manta. Bayan asuba ni da tela mu taka har Ƙofar Kibo mu dawo, 'yan zaure suna kiranmu 'yan asibiti.

Komawata ta gaba likita ya hura ƙyallensa, ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, me ka canza?"

Na gyara hula na ce, "Likita, na fara cin abincin gidana."