Yadda Nagode Ya Sayar da Kokawar Birnin Tudu Sau Biyu

Sunan yankansa Ɗayyabu, amma in ka shiga Birnin Tudu kana cigiyar gidan Ɗayyabu sai an tsaya ana kallon juna. Ka ce Nagode kuwa, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka ƙofar da aka jingine ƙarafan rumfa da tulin kujerun roba.

Mahaifinsa manomin shinkafa ne, 'yan'uwansa duk sun gaji noman rani, shi kaɗai fartanya ta ƙi zama a hannunsa. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Ya yi kamasho a tashar Mafara, ya yi tallar maganin basir da lasifika a kafaɗa, yana bin kasuwanni tun daga Garbadu har Janbako. Da ya ɗan tara abin hannu ya sayi rumfuna da kujeru yana ba da haya wurin suna da ɗaurin aure. Daga nan ne shirya kokawar kaka ta garinsu ta faɗo hannunsa, don tsohon da ke shirya ta ya gaji, kuma babu mai son wahalarta.

A wurin kokawar nan ya samo laƙabinsa. Shi ba ya roƙo. Sai ya bari fage ya cika, ya hango wani mai hali ya zauna, sannan ya ɗauki makirfo ya ce, "Jama'a, ku taya ni godiya! Alhaji wane ya ba zakaran bana rago. Na gode, Alhaji, na gode!" Alhajin da ko mafarkin rago bai yi ba sai ya ga ana ta miƙo masa hannu ana sa masa albarka. Washegari rago ya iso gidan Nagode, da saƙon zagi a biye. Shekara da shekaru haka ya yi ta yi, har masu hali suka gane shi. Da kaka ta yi sai ka ji wannan ya tafi gaisuwa Gusau, wancan ciwon baya ya tasar masa. Kokawa ta fara ramewa, manyan 'yan kokawa suka daina zuwa don kyautar ba ta kai kuɗin mota ba.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta shirya bita a Talata Mafara domin masu shirya bukukuwa da taruka na Mafara da Bakura da Maradun. Aka sa sunan Nagode. Da ya ji akwai abincin rana da takardar shaida, ya sa aka goge masa babbar rigarsa.

Mai koyarwar wata ce Malama Farida, wadda ta daɗe tana shirya baje koli da manyan taruka a Gusau. Tun ranar farko ta tambayi kowa yadda yake samun masu ɗaukar nauyin taronsa. Nagode ya miƙe ya ba da labarin dabararsa yana taƙama, ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, sannan ta ce, "Malam Ɗayyabu, wannan ai ba neman ɗaukar nauyi ba ne, tare hanya ne da makirfo. Nawa daga cikinsu suka sake dawowa?"

"Wallahi, Malama, ko ɗaya," in ji shi.

"To ka gani. Mai ɗaukar nauyi ba sadaka yake ba ka ba, saye yake yi. Kai kana da jama'a, shi yana da kaya. Ka sayar masa da idon mutane da kunnensu, ka faɗa masa tun farko abin da zai samu, kuma ka cika."

Maganar nan ta shige shi sosai. Shekarun nan duk ashe yana zaune a kan haja bai sani ba. Daga ranar ya koma kujerar gaba. Ya koyi yadda ake tsara fage, a san inda rana za ta faɗi kafin a kafa rumfa, a ware ƙofar shiga da ta fita, a gwada kayan sauti kafin mutane su taru, a tashi taro da wuri don baƙi su kai gida da sauran rana, kuma kowane abu a yi masa madadi ko da zai lalace. Abu ɗaya ne bai yi masa daɗi ba. Malama Farida ta ce babban mai ɗaukar nauyi ɗaya ne tak, kuma ba a haɗa masu sana'a iri ɗaya a taro guda.

Nagode ya ɗaga hannu. "Malama, in mutum biyu sunka so girman fa?"

"Ka zaɓi ɗaya, ka ba ɗayan haƙuri."

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. A ransa kuwa cewa ya yi wannan asara ce tsagwaronta.

Akwai dillalan takin zamani biyu da ke zawarcin manoman Bakura, ƙasar da Birnin Tudu ke cikinta: Alhaji Mas'ud na Mafara da Alhaji Isa na ƙasar Maradun, mutumin Janbako. Tun wata rigima da suka yi a kan mota guda ta taki ba sa ga-maciji, ko a jana'iza suka haɗu kowa gefensa yake tsayawa. Nagode ya fara da Alhaji Mas'ud. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, ya zauna ya baje masa sabon karatunsa: manoma ta ko'ina za su hallara, a lokacin da suka sayar da amfani suna shirin noman rani, sunansa zai kasance a kan ƙyalle, a bakin mai shela, a rumfar manyan baƙi.

"Ba roƙo na zo ba, Alhaji. Ciniki na kawo maka."

Alhaji Mas'ud ya dube shi da mamaki. "Nagode, kai ne kuwa? To Isa fa, yana ciki?"

"Alhaji, babban mai ɗaukar nauyi ɗaya ne tak. Haka anka koya muna."

Ƙarya dai bai yi ba, haka aka koya musu. Alhaji Mas'ud ya yi alkawarin injin ban ruwa ga zakara da buhunan taki ga na biye. Da kasuwar Janbako ta ci, Nagode ya hau bayan babur ya sha kwazazzaban hanya har rumfar Alhaji Isa, ya maimaita karatun nan kalma da kalma. Alhaji Isa ya ce shi ɗan maraƙi zai bayar, kuma ya ɗauki abincin 'yan kokawa da makaɗa.

Saura tsari, kuma a nan ne ilimin bita ya yi masa rana. Ya zaɓi fili mai faɗi a bayan gari, ya kafa rumfar Alhaji Mas'ud a gabas, ta Alhaji Isa a yamma, kowace da ƙofar shigarta da wurin ajiye motoci. A tsakiyar fage ya sa aka kafa dogon ƙyalle mai fuska biyu, ta gabas ɗauke da sunan Mas'ud, ta yamma da sunan Isa, shi ya kare rumfunan daga ganin juna. Makaɗa ya jera su a ƙarƙashin ƙyallen don kiɗa ya raba sauti. Sannan ya ɗauko hayar kayan sauti kashi biyu da janareta biyu daga wurin Ayuba mai gyaran rediyo, kowace lasifika ta juya baki ga rumfarta.

Ayuba, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya tambaye shi dalilin kashi biyun.

"Madadi ke nan," in ji Nagode. "In ɗaya ya mutu, ka maida komi kan ɗayan. Kada ka jira umurnina, kada sauti shi yanke ko kaɗan. Haka ƙwararru ka yi."

Ranar kokawa garin ya cika ya batse. Labarin injin ban ruwa da maraƙi ya jawo 'yan kokawar da aka daɗe ba a gani ba. Nagode ya yi ta safa da marwa, babbar riga na tashi. Ya je gabas ya ɗauki makirfo ya wasa Alhaji Mas'ud, uban manoman Bakura, ya zagaya ta bayan 'yan kallo ya je yamma ya wasa Alhaji Isa, gatan mai noman rani. Kowane Alhaji ya kishingiɗa yana kallon sunansa a ƙyalle yana murmushi. Har azahar komai na tafiya daidai, Nagode har ya fara tunanin baɗi zai iya yin rumfa huɗu.

Ana gab da karon ƙarshe janaretan gabas ya yi tari ya mutu. Nagode na yamma a lokacin, bai sani ba. Ayuba kuwa bai ɓata lokaci ba, ya ja waya ya haɗa lasifikar gabas da kayan yamma, kamar yadda aka umurce shi. Makaɗa suka tsagaita don a sanar da karo. Fage ya yi tsit. Nagode ya gyara murya.

"Jama'a, wanga taro kacokan, mutum ɗaya ya ɗauki nauyinai! Alhaji Isa na Janbako, shi kaɗai, ba shi da na biyu! Taki in ba na Alhaji Isa ba, toka ne!"

Maganar ta fito tangaram a rumfar gabas, daidai saman hular Alhaji Mas'ud. Mutanensa suka miƙe. Shi kansa ya tashi, ya ratsa tsakiyar fage, 'yan kokawa na ba shi hanya, ya zagaya ƙyallen ya ɗaga kai ya karanta ɗaya fuskar. Alhaji Isa da ya hango shi ya taso shi ma, ya leƙa ta gabas. Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, abin da aka daɗe ba a gani ba.

"Isa, mi yac ce maka?" in ji Alhaji Mas'ud.

"Babban mai ɗaukar nauyi ɗaya ne tak."

"Ni ma haka."

Nagode ya so ya sulale ta ƙofar fita, wadda shi da kansa ya ware, sai ya tarar 'yan kallo sun toshe ta. Aka kawo shi gaban maigari yana zufa. Nagode ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban yi ma kowa ƙarya ba. Kowa a gefenai shi ɗaya ne tak."

Dariya ta ƙwace wa maigari, ya rufe baki da hannun riga. Ya ce a fara gama kokawa tukuna, don yamma na yi kuma baƙi na da hanya. Aka yi karo, wani ɗan Garbadu ya yi kaye, ya tafi da injin ban ruwa da maraƙi gaba ɗaya, don babu Alhajin da zai yarda a ce shi ya janye kyautarsa a gaban ɗan'uwansa.

Hukuncin Nagode kuwa Alhazan biyu suka yanke shi tare, a zaure, suna shan fura a ƙwarya ɗaya. Tunda ya ce tallarsu ya sayar, to zai cika musu ita da jikinsa. Aka ɗinka masa riga da buhun taki, gaba sunan ɗaya, baya sunan ɗaya, aka ce ya zagaya kasuwar Mafara da ita ranar Talata, da tsohuwar lasifikarsa ta maganin basir. Nan ma gardama ta so tashi a kan wanda zai samu ƙirji. Maigari ya raba: in ya kai ƙarshen kasuwa ya juya rigar.

Matarsa Zainabu ta ce ita ranar ba za ta leƙa ko ƙofar gida ba. Shi kuwa da farko kansa a ƙasa ya shiga kasuwar, kunya kamar ta kashe shi. Amma da ya ga mutane sun bar ciniki suna bin sa, ana ɗaukarsa a waya, sai tsohon hali ya motsa. Ya ɗaga lasifika ya shiga wasa Alhazan biyu, yana rawa yana juyi don kowa ya karanta gaba da baya. Kafin la'asar hotonsa ya kai Gusau, har wayar Malama Farida.

Ta kira shi. "Malam Ɗayyabu, abin da na koya maka ke nan?"

"Malama, duk abin da kinka ce na yi. Guda ɗai na ɗan gyara."

"Gudan nan shi ne ya sa maka buhu."

Bita ta gaba da aka yi a Maradun ta gayyace shi, ta tsayar da shi gaban sababbin ɗalibai ya ba da labarin da bakinsa, don su ga abin da ba a yi. Ya ba da shi tiryan-tiryan, har da kwaikwayon tafiyar Alhaji Mas'ud a tsakiyar fage.

Kokawar Birnin Tudu na nan ana yi duk kaka, ta ma fi da girma. Alhazan biyu sun shirya tsakaninsu, karɓa-karɓa suke yi, bana wannan baɗi wancan, kuma sun sa sharaɗin Ayuba ne zai riƙa kunna makirfo da kashe shi. Nagode ya ƙara rumfuna, ana kiransa shirya taro har Bakura da Mafara. A ƙofar gidansa ya sa an rubuta sabon allo, a ƙarƙashin sunansa aka ƙara da jan fenti: Malamin Bita.