Ƙunshin da Na Binne a Gindin Aduwa

Ni tela ne a Tanout, kuma in ba yabon kai ba, babu wanda ya fi ni iya ɗinka aljihun ɓoye. Fatake da dillalan raƙuma wurina suke zuwa, ina yi musu shi a cikin riga, daidai haƙarƙari. Duk wanda ya zo yana kukan ƴan sane sun yanke shi, dariya nake yi masa, in ce sakarci ne.

Da aka haifa mini ƴata ta fari, innata ta aiko daga ƙauyenmu da ke bayan Belbeji. Ta ce idan cibiyar jaririya ta faɗi, in kawo a binne a gindin aduwar gidanmu, inda tawa take. A gidanmu an yarda cewa yaron da cibiyarsa ta ɓata ba ya zama wuri ɗaya, ko ya girma hankalinsa na kan hanya. Na naɗe cibiyar a ƙyallen shadda, na ɗinke da farin zare, na sa ta a aljihun nan da nake taƙama da shi.

Na sauka Belbeji ranar kasuwa, rana tsaka. Sai na ratsa ta wajen masu cuku kafin in kai inda motar ƙauyenmu take tsayawa, ga cunkoso ko tari ka yi a wuyan wani zai sauka. Ina cikin kutsawa na ji murya dab da kunnena, a hankali, kamar ta wanda ya san ni.

"Tela, a kula da aljihu. Kasuwar ta lalace."

Hannuna ya kai kan haƙarƙarina kafin in yi tunani. Ƙunshin yana nan. Na waiwaya in yi godiya, ban ga kowa yana kallona ba, sai rawuna da bayan mutane. Sai da na yi taku goma na tambayi kaina: wa ya san ni tela ne a garin nan? Na sake dafa wurin. Rigar a tsage take, tsaga miƙaƙƙiya wadda ko almakashina ba ya yin irinta. Ni da hannuna na nuna masa inda zai yanka.

Ban yi ihu ba. In ce an sace mini me? Na je tasha na zauna kan benci, mota ta cika ta tashi ina kallo. Kunya da tsoro suka haɗu mini, har na fara tunanin in sami guntun busasshen nama in ɗinke in kai wa inna.

Bayan la'asar na sa hannu a aljihun gefe zan biya mai shayi, sai na taɓa shadda, na zaro. Ƙunshin ne, ƙyallena ne, amma an farke shi an sake ɗinkewa da baƙin zare. Ɗinkin ya fi nawa kyau, kuma daga hagu ya taso, hannun bahago ne. Tun da na zauna a bencin nan babu wanda ya matso kusa da ni. Ko kuwa ya matso ban ji ba, karo na biyu ke nan.

Washegari na sami mota na isa ƙauye, na miƙa wa inna ƙunshin. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Yaushe ka fara ɗinki da baƙin zare?"

"Farin ne ya ƙare, Inna."

"To buɗe mu gani mana."

Na ce ba a buɗe abin da aka riga aka rufe. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Muka haƙa rami a gindin aduwa, ta yi bisimilla, na tura ƙasa.

Yarinyar yanzu ta kai shekarun aure. Tun tana rarrafe bakin ƙofa take nufa, kuma har yau in mota ta wuce sai ta bi ta da ido har ta ɓace. Bara da muka je ƙauye ta tsaya ƙarƙashin aduwar ta ce, "Baba, da gaske tawa tana nan?"

Na ce tana nan. Sai na ga tana kallon hannuna, ashe ya koma kan haƙarƙarina.