Ranar da Muka Ɗauki Opanas

Opanas Derkach bai taɓa zama wani babba a garin nan ba. Mai hura wuta ne a masana'antar sukari, ga hanci kamar dankalin da aka manta a rumbu. Sau biyu ya nemi aurena ina korarsa. Amma in an yi mutuwa, ƙofarsa ake fara bugawa.

A wurinmu dangi ba sa ɗaukar gawar nasu, kada mamaci ya zaci murna ake da tafiyarsa. Maƙwabta ke ɗauka, a ɗaura wa kowa sabon ƙyalle a damtse, ya tafi da abinsa gida. Opanas ya tara ƙyallaye har akwatin matarsa ya ƙi rufuwa.

Lokacin da muke 'yan mata, garin nan ne hedikwatar gunduma. In jiniyar masana'anta ta yi kuka, sai ka rasa inda za ka sa ƙafa a titi. Aka rufe masana'antar, aka sayar da ƙarafunanta. Aka ɗauke ɗakin haihuwa, wai ba ma haihuwa sosai. Aka mayar da gundumar wani gari. Samari suka tafi Poland tsinko wa wasu 'ya'yan itace, yaƙi ya kwashe sauran. Waɗanda aka dawo mana da su lulluɓe da tuta ma Opanas ya sa musu kafaɗa.

Da ya mutu, aka nemi maza masu ƙarfin ɗauka a duk layinmu aka rasa. Ofishin gari ya turo tarakta da tirelar da ake kwasar taki, an ɗan watsa mata ruwa. Direban ya ce mu yi sauri, ana jiransa a gona. Na gaya masa abin da uwarsa ta manta ba ta gaya masa ba, ya juya da abarsa.

Ɗan marigayin, Yarema, ya iso daga Poland da jaka mai taya. Ya tuɓe kwat ya nufi akwatin gawar.

"Sauke hannunka," na ce. "Ka bar shi shi kaɗai yana raye, yanzu kuma so kake ya ce kana murna?"

"To wa zai ɗauke shi, Goggo Paraska? Ke?"

Da gatse ya faɗa. Na aika aka jawo akwatin ƙyallayen nan. Mu tsofaffin layi muka ɗaura wa juna, har da Yavdokha mai ido ɗaya da ba ma magana da ita tun rigimar akuya. Fada, limamin cocinmu, ya ce bai taɓa ganin mata sun ɗauki gawa ba. Na ce shi ma ai da kafaɗa aka haife shi. Ya naɗe hannun rigarsa ya kama ta wajen kai.

A al'ada a mararraba ake tsayawa a yi addu'a. Mu kuwa kowace ƙofa mararraba ce. Yavdokha na haki tana zagin miyar borsh da ta ƙara wa Opanas nauyi. Gidajen da muka wuce duk a kulle, ciyawa ta kai taga, babu ko mai leƙowa. Yarema na biye da mu hannu wofi, yana kuka.

Mun kai shi maƙabarta, ƙafarsa ba ta taɓa tirela ba. Kafaɗata har yau ba ta koma daidai ba. Ƙyallen yana nan a rataye, kuma na ce wa Yavdokha kada ta kuskura ta riga ni mutuwa.