Goggo Hadiza da ƙafar Babana

Shekara shida ke nan da rasuwar Goggo Hadiza, yayar babana, ma'aikaciyar jinyar da mutanen Kwaciri suke kira Sista. Ba zan rubuta cewa mai sanyin hali ce ba, don ƙarya zan yi. Faɗa gare ta, ni ma a wurinta na gada.

Ranar da aka gano Baba yana da ciwon suga, likita ya rubuta masa magani ya kira na gaba. Ban ga laifinsa ba, layi har bakin ƙofa. Sauran bayanin a zauren gidanmu Baba ya same shi, inda Goggo take tara masu ciwon duk Asabar: 'yan kasuwar Bata, tsofaffin unguwa, har da matan Sabon Gari. Ta koya musu auna tuwo da dunƙulen hannunsu, ta faɗa musu zuma ma suga ce, ta nuna musu alamun faɗuwar suga. Amma ta fi nacewa a kan ƙafa, domin ciwon yana kashe jinta, mutum ya taka ƙusa bai sani ba.

Baba ya ce shi ba shi da lokacin zaman kallon ƙafa.

Goggo ta ce masa, "Ali, sau nawa kake wanke ta a rana?"

"Biyar mana, Yaya."

"Shekara hamsin kana wanke ta, ka taɓa juyo tafinta ka gani? Daga yau in ka idar da alwala ka duba, ka tsane tsakanin yatsun. Ko sai an yanke ta za ka san taka ce?"

Masu zuwa coci kuwa ta ce su duba lokacin wanka. Babu wanda ta sa ya sayi komai.

Da ta rasu, na tabbatar wa kaina Baba zai daina duba ƙafar. Ita yake tsoro, ba ciwon ba. Na yi ta binsa da mita har ya ce wai an dawo masa da yayarsa ne? Na gaji na ƙyale shi.

Da tana nan yau, da ta sha faɗa da masu turo saƙon murya a waya cewa garin maganinsu yana warkar da suga a kwana bakwai. Amma da ta ji daɗin zauren. Wata ƙaramar nas da ta taso a hannunta ce take zama da su yanzu, kuma tsofaffin ɗaliban ne suke koya wa sababbi, har da gatsen.

Bara, bayan alwalar la'asar a shagonsa, Baba ya kira ni. Ya ce ya ga wani ɗan ja a diddigensa, ba ya masa zafi ko kaɗan, amma in zo mu je asibiti yanzu. Tsinin waya ne ya huda takalmin. Nas ɗin da ta wanke wurin ta ce da ya bari ya yi mako, da wata maganar ake yi.

A Keke Napep muna dawowa na ce, "Ashe kana dubawa?"

Ya ce, "Ke kika ga na daina?"

Ban san abin da ake rubutawa a takardun aikin mutum bayan ya mutu ba. Na dai san ranar Juma'ar nan Baba ya taka daga gida zuwa masallaci ya dawo, yana mitar rana. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sa ladan kowane takun nan a mizaninta.