Takin da Baba Ya Rairaye

Mu a ƙauyenmu shara ba abin ƙyama ba ce. Tun ina ƙarama, da an gama kaka Baba zai ɗora wa jakinsa mangala ya nufi Bacirawa, ya bi bololin unguwa ya ɗebo abin da mutanen birni suka zubar, ya kawo gona ya jibge tsibi-tsibi. Gonakinmu a manne suke da juna, ba a barin ko taku ɗaya ya huta, to in ba ka ba ƙasa ba me za ta ba ka? Kowa yana yi, amma kowa ya san Baba ya fi iya zaɓe. Zai cusa hannu cikin bola ya damƙo, ya murza, ya shinshina. Wadda ta shekara yake so, wadda ta ruɓe ta yi baƙi ta cakuɗe da toka da turɓaya. Ɗanya kuwa ko kyauta aka ba shi ba ya ɗauka, ya ce ƙone shuka take yi.

Inna kuma hayaƙi ne ya cinye ta. Tun da aka kawo ta gidan take girki da kara a ɗan madafin da tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Tari ya zama kamar sallamarta, tun daga zaure za ka san tana ciki. Da na matsa muka je asibiti, likita ya ce ƙirjinta ya gaji, kuma magani ba zai yi komai ba muddin ba a raba ta da hayaƙi ba. Na sai mata ƙaramar tukunyar gas. Da ta ji in ta ƙare sai an kai ta Bacirawa an cika, sai ta lulluɓe ta da zane ta ce ta baƙi ce. Na ce ta bar wa maƙwabta girkin, ta ce tana raye wata ba za ta tuƙa wa mijinta tuwo ba.

A lokacin ina aiki a birni, a wani ɗan wuri da muke karɓar sharar kasuwa muna fitar da gas na girki daga cikinta. Abin ba sihiri ba ne. Tanki ne ake rufewa ruf, iska ba ta shiga, a fara shi da kashin shanu da ruwa. Wasu ƙwayoyin halitta irin na cikin tumbin saniya su ne ke cin abin da aka zuba, gyatsar da suke yi ita ce gas ɗin. Sai na ce wa kaina, ina yi wa masu sai da abinci a birni, uwata tana mutuwa a murhu? Na ɗauki hutu na zo da magini, muka haƙa rami a bayan madafi, muka gina tanki, muka zuba kashin shanu, muka ja tiyo zuwa risho.

Kafin na koma na zaunar da Baba. Na ce in tankin ya yi sati uku ya fara ba shi abinci, bokiti biyu kullum, a dama da ruwa. Na ce ɗanya nake so, ruɓaɓɓen tumatir na ’yan gwari, ɓawon doya, ragowar shinkafa, abin da ke tsiyaya yana wari.

“Ɗanya?” ya ce.

“Ɗanya, Baba.”

Ya ce, “To, Uwata.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ga ɗan murmushin da ya yi, irin wanda yake yi wa malaman gona in sun zo da takarda, amma ina sauri in kama mota, ban tsaya ba.

Wata biyu ban samu zuwa ba. Kullum na buga waya sai na ce, “Ya kama?” Ya ce, “Tukuna dai, amma yana cin abinci sosai.” Ina jiyo tarin Inna a bayansa. Ranar da na zo ban ko ajiye jaka ba na zagaya baya. Na kunce risho, ko huci babu. Na zura sanda ta bakin da ake zuba abinci, ta tsaya cak kamar na soka a yumɓu. Na zaro ta, baƙin taɓo ne a jiki, toka da yashi.

A gefen tankin na ga abin da har yau yake hana ni sakat. Tsibin taki ne baƙi ƙirin, lallausa kamar garin tuwo, ga tsohuwar rariya a kai. Can gefe ya ware leda da fasassun kwalabe da tsofaffin batura. Wato mutumin nan, da shekarunsa, kullum yana kora jaki zuwa Bacirawa, yana zaɓo bolar da ta fi kowacce kyau, ya zo ya zauna ya rairaye ta da hannu. Har wanda ya tara wa gonar gero ya kwaso. A ganinsa ni ’yar boko ce ban san taki ba, shi kuma ba zai ba abin da zai ceci matarsa ɗanyar shara ba. Ita kuwa bolar da ta shekara ta riga ta gama fitar da iskarta a rana, ba abin da ya rage sai ƙasa. Ƙasar ta kwanta ta cika tankin ta shaƙe shi.

Duk wannan daga baya na tsaya na fahimta. A lokacin wuta ce ta tashi a kaina. Inna ta sha faɗa cewa bakina ya riga hankalina fitowa duniya. Na shigo tsakar gida, yana zaune a tabarma yana gyaran igiya, ita tana bakin murhu idonta na zuba.

“Baba, me na ce ka zuba? Me na ce? Wannan gona ce? Ka kashe shi. Wata biyu tana shan hayaƙi saboda kai ka fi kowa sani.”

Inna ta ce, “Ke, ubanki ne fa.”

 Baba ya ajiye igiyar, ya dubi tafin hannunsa da duk ya tsage, ya ce, “Mai kyan na ba shi.” Daga nan ya tashi ya ɗauki bokiti.

Kwana huɗu muka yi muna yashe tankin, shi a ciki ni a sama, ba mai ce wa wani uffan sai “karɓi” da “miƙo”. Muka sake zuba kashin shanu, muka rufe. Na ƙi komawa aiki. Ni na karɓi girki, Inna tana daga ɗaki tana mitar na cika gishiri. Da lokacin ciyarwa ya yi, Baba ya riƙa zuwa wurin ’yan gwari yana ɗebo ruɓaɓɓen tumatir, ruwan yana bin cikin jaki. Abokansa suna yi masa tsiya a hanya, wai tsufa ya sa ya manta taki. Kowace safiya in ƙyasta ashana a bakin risho, ta ci ta mutu.

Inna ta rasu wata Talata da hantsi, kanta a cinyata. Likita ya gaya mini daga baya cewa wata biyun nan da wuya su canja komai. Na ji shi, amma ban daina lissafa su ba.

Mata suka cika gida. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce a ɗumama ruwan wanka, ta sa aka kawo ganyen magarya, ta sunkuya za ta cusa kara a murhu. Ranar ko ta kan rishon ban bi ba. Sai ga Baba ya ratso cikin mata, abin da bai taɓa yi ba, ya shiga madafin. Na ji ƙarar ashana. Ya ɗan jima, sannan ya leƙo, muryarsa a ƙasa.

“Uwata, zo ki gani. Ya kama.”

Wuta ce shuɗiya, tsaf, ba hayaƙi ko kaɗan. Muka tsaya ni da shi muna kallonta, har Gwaggo ta zo ta raba mu ta ɗora tukunya. Abin da wutar ta fara dafawa ke nan, ruwan da aka yi wa Inna wanka da shi.

Na nemi gafararsa bayan sadakar bakwai. Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ya zage ni. Geron shekarar bai yi kyau ba, don takinsa ya tafi tanki kuma abin da muka yaso bai kai rabin gonar ba.

Har yanzu duk bayan kwana biyu yana kora jakin zuwa wurin ’yan gwari. Shi kaɗai ne a gidan, abincinsa daga gidan Gwaggo ake kawowa, shayi kawai yake dafawa. Na ce ya huta, tankin ya fi ƙarfin buƙatarsa. Ya ce a’a, sau ɗaya ya bar shi ya mutu, ya isa.