Sulhun da Aka Yi a Tsakiyar Ruwa

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da muka yi sulhu cikin kwalekwale ba. Lokacin ina rajistara a wata kotun shari'a a ƙasar Ngaski, ni ke rubuta ƙara da kiran masu ita.

Inna Hajo, mai sana'ar bandar kifi, ta kawo ƙarar Tanko kafinta. Sun yi yarjejeniya ya ƙera mata jirgin dakon kifi zuwa Yauri, ya ƙera mata mai yoyo. Tanko ya ɗauko lauya daga birni, mai kwat da baƙin takalmi. Duk zama sai lauyan ya rantse jirgi lafiya lau yake, sannan ya nemi a ɗage. Damina ta wuce, kifin Inna na ruɓewa a garinsu Wara.

Alƙali ya gaji, ya ce, "Ku tafi ku sasanta, Musulunci ya fi son haka. Rajistara, bi su ka ga jirgin."

A bakin ruwa lauya ya soma dogon Turanci. Inna ta katse shi: "Ɗana, tunda lafiya yake, shigo mu zaga."

Kunya ta sa ya shiga, ni da Tanko muka bi su. Ba mu yi nisa ba ruwa ya kai mana idon sawu. Tanko na kwalfewa da hula, lauya na kwalfewa da takalminsa yana salati. Nan take Tanko ya yarda zai sake katakon ƙasan jirgin, Inna ta ce ta yafe asarar damina. Lauya bai nemi ɗagewa ba.

Da muka koma, alƙali ya bayyana cewa sulhu ba ya inganta sai da yardar kowa. Ya tambaya ko an tilasta wa wani.

Inna ta ce, "Allah gafarta Malam, ni dai ban taɓa Tanko ba. A tambayi ruwa."

Alƙali ya danne dariya, ya sa Tanko ya maimaita alkawarinsa a tudu, gaban shaidu. Ya maimaita. Kafin sati ya zagayo jirgi ya koma aiki.

Ku da kuka shigo aikin nan, ku lura: mai ƙara da wanda ake ƙara yawanci sun san gaskiyarsu tun daga gida. Wanda ke ci da ɗage zama ne ba ya ganin yoyo, sai an zaunar da shi a ciki.