Ranar da Baba ya bar ni a bakin ƙofar likita

Shekarun baya aka gano mahaifina yana da kansar furostet, wannan ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ni ne ɗan fari, kun san yadda abin yake: ko sunana ba ya kira, balle mu yi zancen fitsarinsa. Ranar da likita zai yi bayanin tiyata, muna isa ƙofa Baba ya miƙo mini sandarsa ya ce in jira a waje. Wallahi har daɗi na ji. Da ya fito ya ce ba komai, za a cire.

Aka yi aiki, muka dawo Keffi. Mahaifiyata ta yi wainar sadaka, 'yan uwa har daga Panda suka yi ta zuwa barka. Ni kuwa ina ta baza labarin an cire duka, kamar ni na riƙe wuƙar.

Da na je karɓar sakamakon naman da aka cire, sai likita ya ce an ga ciwon har bakin inda aka yanka, mai yiwuwa akwai saura. Kaina ya ɗaure. An cire ko ba a cire ba? Ya ce an cire, amma ba tabbas. To ciwon na nan ke nan? Ya ce shi ma ba tabbas, sai an riƙa gwada jininsa. Na fara ɗaga murya, ya ce ai tun kafin aiki hoto da gwajin jini sun nuna hakan na iya faruwa, kuma ya faɗa wa Baba ƙila daga baya a buƙaci gashi da na'ura, wato a ƙona sauran ciwon.

A gida na yi ta kewaye-kewaye, na kasa tambayar Baba. Alamar ciwon a gwajin jininsa kuma ta fara hawa, likita ya ce kada a ja lokaci, a fara gashin. Ina tsoron rasa shi, ina kunyar buɗe baki.

Ranar komawa asibiti, a ƙofar nan na miƙa hannu in karɓi sanda. Bai ba ni ba.

"Shigo," ya ce, idonsa a ƙasa. "Turancinsu ya fi ƙarfina. Wancan karon rabi na ji."

An yi gashin, yau Baba yana gonarsa. Har gobe ban san ko akwai sauran da aka ƙona ba. Amma ban sake riƙe masa sanda a waje ba.